Yadda Ake Kula da Macen Kunkuru da Ƙwanta Bayan Ta Saka

A gidaje da yawa na ƙauyukanmu, daga wajen Bichi da Ɗambatta har Gumel da Maigatari, za ka tarar da kunkuru a kurɗe bayan rumbu ko ƙarƙashin tarin kara, ya daɗe a gidan har yaran da suka taso suka gan shi sun yi aure. Ana jefa masa ɓawon kankana, a bar shi da harkarsa. Ranar da macen ta yi ƙwai ne ake rasa yadda za a yi. Wani ya tone ya kai wa kaza, wani ya zuba a ƙwarya ya ajiye a ɗaki, yara su ɗauka suna jujjuyawa. Ƙarshenta ƙwai ashirin su zama baragurbi, uwar kuma ta rame ba wanda ya lura.

Wanda nake magana a kansa shi ne babban kunkurun tudu, mai launin rairayi, mai ƙayoyi masu kauri a cinyoyin baya, wanda ke haƙa dogon rami ya shige idan rana ta yi zafi. Ba kififfiyar ruwa ba. Asalinsa ɗan yankinmu ne, ana samunsa a bakin hamada tun daga Senegal har Sudan da Habasha, kuma shi ne na uku a girma cikin kunkurun tudu na duniya. Ya yi ƙaranci a daji sosai, har ƙungiyar IUCN mai lura da halittu ta sa shi a jerin waɗanda ke fuskantar ƙarewa, kuma tun shekarar 2000 yarjejeniyar CITES, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan cinikin namun daji, ta hana fitar da wanda aka kamo daga daji zuwa ƙasashen waje don ciniki. Saboda haka ƙwan da aka saka a bayan ɗakinka ba abin wasa ba ne.

Lokacin da take haƙa

Barbara ta fi yawa a ƙarshen damina, ƙwai kuma yakan zo kamar wata biyu bayan nan, wato daga kaka zuwa cikin hunturu. Kafin ta saka za ka ga ta rage cin abinci, tana zagaye gida ba hutawa, tana shinshina ƙasa, ta fara tono nan ta bari ta koma can. Tana iya kwanaki a haka. Idan ta samu wurin da ya yi mata, sai ta share faffaɗan gurbi da ƙafafun gaba, ta juya ta sa na baya ta haƙa ɗan rami mai zurfin kamar taƙi guda, tana fitsari a ciki don ƙasar ta yi laushi kada ta rufta. Aikin kan ɗauki awa huɗu zuwa biyar. Ƙwan farare ne, zagayayyu, masu taurin ɓawo, daga 15 zuwa 30 a zubi ɗaya.

Aikinka a wannan lokaci ɗaya ne: ka kore yara da kare da awaki, kai ma ka ja baya. Idan aka dame ta tana iya tashi ta bar ramin ta riƙe sauran ƙwan a ciki, wannan kuwa shi ne mafarin babbar matsala. Kada ka ɗaga ta don ka leƙa. Bari ta gama, ta mayar da ƙasa, ta daddaɓe da ƙirjinta, ta tashi da kanta. Wata takan yi kwana biyu ko uku tana gadin wurin, ta tunkuyi duk wanda ya matso. Ka ƙyale ta, za ta daina. Ka kafa tsinke a gefen wurin, domin idan ta rufe da kyar za ka gane inda ta haƙa, ka kuma rubuta ranar a takarda.

Fara da uwar

Ƙwan da ke cikin ƙasa ba ya gaggawa. Uwar ce ta zubar da ruwan jikinta, ta kuma zaro sinadarin kalsiyam daga ƙashinta da ƙoƙonta ta yi ɓawon ƙwai ashirin da shi. Ita za a fara dubawa.

Ka samo babban baho ko daro, ka zuba ruwa mai ɗumi-ɗumi wanda bayan hannunka ba zai ji zafinsa ba, zurfinsa kada ya wuce haɓarta idan ta miƙo wuya. Ka sa ta ciki minti ashirin zuwa talatin. Za ka ga ta tsoma kai tana sha a hankali, ta yi kashi da wani farin abu mai kauri. Wannan lafiya ne. Idan farin ya fito da tsakuwa-tsakuwa, ruwa ya yi mata ƙaranci ƙwarai. A yi mata haka kullum har mako guda, da hantsi idan gari ya ɗumama, ba da sassafen hunturu ba. Idan ta yi nauyin da ba za a iya ɗaga ta ba, a haƙa ɗan gurbi mara zurfi a shimfiɗa leda mai kauri a zuba ruwan, za ta shiga da ƙafarta. Maganar da ake yi cewa kunkuru ba ya shan ruwa ba gaskiya ba ce, jure ƙishirwa kawai yake yi.

Abincinta ciyawa ne kafin komai: ƙiri-ƙiri, guɗe-guɗe, harkiya, kyasuwa mai taushi, ɗanye ko busasshe. A haɗa da ganyen rama, lalo, ganyen kabewa da na dankalin Hausa, da ɗan zogale. Harawa a ba ta kaɗan. Kankana da sauran kayan zaƙi sai jefi-jefi, don suna sa ta zawo. Tuwo, shinkafa, dusa da abincin kaji ba nata ba ne, ko da kuwa tana ci da marmari. A nisanta ta da tumfafiya da zaƙami, da duk ciyawar gonar da aka yi wa feshi.

Don kalsiyam, ka tara ɓawon ƙwan kaza, ka tafasa shi, ka shanya, ka daka ya yi laushi. Ka barbaɗa kamar cokalin shayi ɗaya a kan jiƙaƙƙen ganye sau uku a mako. Tsohon ƙashin da rana ta busar har ya yi fari ma, ka ajiye mata, za ta riƙa gwaguya kamar yadda suke yi a daji. Kuma dole ta riƙa samun rana, don da hasken rana jikinta ke iya amfani da kalsiyam ɗin. Wadda aka kulle a ɗaki mai duhu, ko an ba ta garin ɓawon ba zai yi mata aiki ba.

Namijin kuma a raba su. Ba ya ɗaga mata ƙafa, zai yi ta binta yana tunkuya yana hawa alhali ba ta da ƙarfi. A yi masa shinge mai ƙwari na bulo ko itace, don zana ba ta tare shi.

Ka sa mata ido na kwanaki. Wadda ta gama lafiya takan koma cin abinci cikin kwana ɗaya zuwa uku. Idan ka ga tana ta yunƙuri ba abin da ke fitowa, ko tana jan ƙafafun baya, ta ƙi ci, idanu sun faɗa, ko wani ruwa mai wari na fita ta ƙarƙashin wutsiya, to akwai ƙwan da ya maƙale. Kada ka danna mata ciki, kada ka zura yatsa, kada kuma a yi mata allurar naƙuda irin ta awaki a gida. Ƙwan na iya fashewa a ciki ya kashe ta. A kai ta asibitin dabbobi, inda za a iya ɗaukar hoton cikinta a ga adadin da ya rage kafin a ba ta komai. Idan na kusa bai saba da irin wannan dabba ba, a nemi ya tuntuɓi asibitin koyarwa na dabbobi da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya.

Abu ɗaya kuma da ake mantawa: tana iya sake wani zubin bayan kamar wata ɗaya ko fiye. Kada ka daɓe wurin da take tono, ka bar mata fili mai rairayi da rana ke samu.

Abin da ya raba ƙwan kunkuru da na kaza

Nan ne mafi yawan ƙwan ke lalacewa, kuma da kyakkyawar niyya. Mun saba sa wa kaza ƙwan zabo ta ƙyanƙyashe, sai a ɗauka wannan ma haka ne. Kunkuru ba ya kwanci. Ɗumin ƙasa ke ƙyanƙyasar ƙwansa. Zafin da yake so digiri 28 zuwa 32 ne, na kaza kuwa wajen 37 da rabi ne, wanda zai dafa ɗan tun bai zama komai ba. Sannan kaza tana juya ƙwanta kullum, na kunkuru kuwa juyi ajalinsa ne. Cikin 'yan kwanakin farko ɗan tayin yakan manne a saman ɓawon ta ciki, gwaiduwa tana ƙasa. Ka kifa shi, gwaiduwar ta danne shi ya mutu. Don haka ba kaza, ba kuma injin ƙyanƙyasa na kaji a yadda aka saita shi, mai zafin nan da juyi da kansa.

Kada a wanke ƙwan, kada a girgiza shi a kunne don a ji ko da ɗa.

A bar su a ramin, in da hali

A ganina, a ƙauyen da ba tsayayyiyar wuta, ramin da uwar ta haƙa ya fi duk abin da za ka haɗa. Ita ta zaɓi zurfin, kuma a wannan zurfi ƙasa ba ta bin sanyin dare da ƙunar rana yadda ɗaki ke yi. Abin da ya rage maka tsaro ne.

Ka samo ragar waya mai ƙananan idanu irin ta kejin kaji, ka yi mata siffar akwati marar gindi mai faɗin kamu biyu, ka kifa a kan wurin. Gefunan su nitse cikin ƙasa taƙi guda, amma ka haƙa daga nesa da tsakiya kada ka taɓa ƙwan. Ka danne da bulo. Wannan zai tare kare, gafiya, tunku da guza, ya hana awaki da jakuna takawa, ya kuma riƙe 'ya'yan ranar da suka fito kafin shaho ko hankaka ya gan su.

Tururuwa da cinnaka sun fi kowa ɓarna, musamman lokacin da ƙwan ya fara tsagewa. Ka zagaye wajen ragar da toka, kana sabuntawa idan iska ta kwashe, ka kuma hana zubar da sauran abinci kusa. Kada ka zuba fiya-fiya, kalanzir ko wani maganin ƙwari. Ɓawon yana da ƙananan ƙofofin numfashi, abin da ka zuba zai shiga.

Ruwan wanke-wanke da na wanka kada ya bi ta wurin. Idan bazara ta kama, watan Maris zuwa Mayu lokacin da zafi ke haura digiri 40, ka ɗora zana a kan sanduna sama da ragar yadda za ta tare ranar tsaka, ta bar ta safe da iska. Idan ƙasa ta bushe ƙayau, ka yayyafa ruwa kaɗan a kewaye, ba a tsakiya ba, sau ɗaya a mako. Kafin ruwan farko ka ja kunya ka zagaye wurin don kada ruwa ya kwanta.

In dole sai an kwashe

Wani lokaci takan saka a inda ba zai yiwu ba: bakin kwata, tsakiyar turken dabbobi, kan hanyar shiga gida, ko kwarin da ruwa ke taruwa. Mutanen fadama, irin su yankin Haɗeja, Auyo da Ringim, su fi kula da wannan, don ƙwan da ruwa ya kwanta a kansa ya tafi. In za a kwashe, a yi a ranar ko washegari, da yamma ko da safe.

Ka fara shirya inda za su koma kafin ka taɓa ramin. Hanya mafi sauƙi ita ce ka haƙa wani ramin a kan tudu mai rairayi, zurfinsa daidai da nata, ka mayar da su ka rufe ka kifa raga. Idan kana son ka riƙa ganinsu, to ka yi amfani da tukunyar ƙasa mai faɗin baki. Ka tankaɗe rairayi mai tsabta, ka soya shi a tsohon kasko don ƙwari su mutu, ka bari ya huce sarai. Ka yayyafa ruwa kana cuɗawa har ya kai idan ka dunƙula zai haɗu amma ko ɗigo ba zai fito ba. Laima ake so, ba jiƙa ba. Ƙwai mai taurin ɓawo idan ya sha ruwa da yawa yakan tsage. Ka zuba a tukunyar ya kai taƙi guda.

Tonon da hannu ake yi, ba fartanya. Kana kusa da su ka koma share ƙasar da yatsu. Duk wanda ya bayyana, kafin ka ɗaga shi ka yi masa ɗan gicciye a sama da fensir, ba biro ko alƙalamin maka mai tawada ba. Ka ɗauke shi yadda yake zaune, ka dasa shi a rairayin rabinsa a ciki, alamar tana kallon sama, da tazarar yatsa tsakaninsa da na kusa. Biyu da suka manne, a bar su a manne. Wanda ya fashe har ruwa na fita, a cire shi, don shi zai kira tururuwa.

Ka rufe tukunyar da faifai don iska ta riƙa shiga. Wurin ajiya ɗakin ƙasa ne mai rufin azara ko na ciyawa. Ɗakin kwano da rana tanda ne, da dare kuma ya yi sanyi. Mafi kyau ka binne tukunyar har wuya a ƙasan ɗakin, ka zagaye da toka. Ka sayi ma'aunin zafi a wajen masu kayan kiwon kaji, wanda ke nuna zafi da laima, ka ajiye kansa daidai da ƙwan. Na auna zazzaɓi ba zai yi ba, don ba ya karanta ƙasa da wajen digiri 32. Laimar ta tsaya wajen kashi 70 zuwa 80. Idan rairayin ya bushe, ka tsiyaya ruwa ta jikin tukunyar, kada ya taɓa ƙwan. Idan zafi ya doshi 34, ka jiƙa ƙasar da ke kewaye da tukunyar ta waje. A tsakiyar hunturu kuwa ka lulluɓe ta da buhun algarara da dare. Ɗan sanyi jinkiri kawai yake kawowa, zafi ne ke kisa, don haka kada ka kai ta kusa da murhu.

Zafin nan har jinsi yake zaɓa: wajen 31 zuwa 32 mata sun fi fitowa, ƙasa da haka maza.

Gane mai ɗa, da jira

Ƙwan da ke da rai, cikin mako ɗaya zuwa biyu za ka ga farinsa ya ƙara haske kamar alli, ya faro daga sama yana bazuwa. Bayan kamar wata guda, ka shiga da dare ka kanga ƙaramar tocila a gefensa ba tare da ka ɗaga shi ba. Jajayen jijiyoyi za ka gani. Wanda ya zauna rawaya fayau bayan wata biyu, da wuya. Duk da haka kada ka yi saurin zubarwa, sai wanda ya yi wari, ya tsage yana tsiyaya, ko ya yi baƙi. Mace takan yi ƙwai ko ba namiji, waɗannan ba sa ƙyanƙyashewa. Amma kuma tana iya riƙe maniyyin namiji a jikinta shekaru, don haka wadda aka kawo maka ita kaɗai ma kada ka yanke mata hukunci.

A zafin da ya tsaya wajen digiri 30, kwana 90 zuwa 120 ne. A cikin ƙasa, inda hunturu ya ratsa, yana iya kai wata shida har takwas, kuma sau da yawa sai ruwan farko ya jiƙa ƙasa suke fitowa. Masu tonawa a wata na huɗu don su duba su ne ke kashe na ƙarshe. Daga wata na uku ka riƙa leƙa ragar safe da yamma.

Ranar da suka fara fitowa

Ɗan yana da ɗan tsini a kan hancinsa da yake fasa ɓawon da shi. Idan ya huda, yakan zauna a ciki kwana ɗaya zuwa uku yana shanye sauran gwaiduwa. Kada ka ɓare masa. Ba kuma rana ɗaya suke fitowa duka ba, tsakanin na farko da na ƙarshe ana iya yin makonni.

Yakan fito tsawonsa santimita 4 zuwa 5, a ɗan lanƙwashe, da ƙullin gwaiduwa a cibiya. Kada ka ja, kada ka yanke. Ka shimfiɗa tsumma mai tsabta mai laima a cikin roba, ka ɗora shi, ka rufe da abin da iska ke shiga, ka ajiye a wuri mai ɗumi inda ƙuda da tururuwa ba za su kai ba, kana canza tsumman kullum. Cikin kamar mako guda cibiyar za ta shige ta rufe. Kafin nan kada ya taka rairayi.

Daga nan sai a mayar da su babban akwati ko ɗan shinge mai rufin raga, ƙasansa ƙasa mai ɗan laima, da fasasshiyar tukunya a kife da za su ɓuya. A daji jarirai cikin damina suke tasowa, a cikin rami mai laima. Wanda aka rena a busasshen wuri ƙoƙonsa yakan yi tudu-tudu, ƙodarsa kuma ta wahala. A jiƙa su kullum minti goma zuwa sha biyar a faranti, ruwa mai ɗumi iya haɓa, mutum na tsaye a kansu don suna iya kifewa. A ba su ciyawa mai taushi da ganye an yayyanka ƙanana, a kan faranti ba a kan yashi ba, da ɗan garin ɓawon ƙwai sau biyu ko uku a mako. Ranar hantsi suke so, rabin awa zuwa awa ɗaya, kuma ko da yaushe da inuwar da za su gudu ciki. Jaririn da aka manta a roba a tsakar rana, ko ya kife a bayansa, mintuna kaɗan sun ishe shi.

Kada a haɗa su da manya, har da uwar. Ba ta san su ba, za ta taka su. Kaji da agwagi ma suna tsattsage su. Yara su kalla da ido, duk wanda ya taɓa kuma, babba ko yaro, ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci, domin kunkuru na ɗauke da ƙwayar salmonela mai sa zawo da zazzaɓi ko da shi lafiyarsa ƙalau.

Tun suna ƙanana ka fara tunanin inda za su. Kowane ɗaya zai iya haura shekara hamsin, namiji ya wuce kilo 50, ya haƙa ramin da zai iya rusa gindin katanga. Gida ɗaya ba ya ɗaukar ashirin. Ka riƙe su su shekara tukuna, ƙoƙonsu ya yi tauri, sannan ka ba waɗanda ke da fili kuma za su bi wannan tsari, kana rarraba maza gida daban-daban don idan sun girma faɗa suke har wani ya kifar da wani. Idan sun fi ƙarfinka, ka tuntuɓi ma'aikatan gandun daji na jiharka ko gidan zu na Audu Baƙo da ke Kano, maimakon ka zuba su a daji ko ka miƙa wa mai saye a kasuwa.